Zan Je Wa Aminiyata Barka a Masar, Amma Abincinsu Nake Tsoro

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce daga Ƙofar Kaura a birnin Katsina. Aminiyata tun ta makarantar kwana tana zaune a Alƙahira da mijinta da ke karatu a Azhar. Ta haihu, maigidana kuma ya amince in je mata barka in ɗan kwana biyu. Damuwata abinci. Ni in ban ci tuwo ba, ji nake kamar ban ci komai ba, ga ni da tsantsani. Ita kuwa sai ɗoki take, wai za ta zaga da ni in ci abincin Misirawa, har wata maƙwabciyarta Bamisiriya ta ce za ta yi mana liyafa. Na riga na tanadi garin tuwo da kuka da daddawa da yaji. Yayata ta ce in riƙa girka nawa kawai. Laifi ne in na yi haka?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya abin da aka samu, ya kai ki lafiya.

Kayan nan da kika tanada kada ki bar ko ƙulli ɗaya, amma ki sa a ranki tsarabar maijego ce. Ita ce ta daɗe ba ta ji ƙamshin daddawa ba, ita za ki tuƙa wa tuwo ki kaɗa wa kuka. Ke da za ki kwana biyu ki komo Katsina, tuwo yana nan yana jiranki. Da girmamawa ga yayarki, ban goyi bayan shawararta ba. Macen da aure ya kai wata ƙasa ta sha kaɗaici kafin ta saba, ta koyi kasuwa, ta koyi harshe, ta gane wane mai burodi ne na kirki a layinsu. Ɗokin da take yi na ta nuna miki rayuwar da ta gina ne. In kika hau jirgi tun daga Kano kika je kika kafa tukunyarki daban, za ta yi shiru, amma zai sosa mata rai.

Kuma abin da kike tsoro bai kai yadda kike zato ba. Na zauna a Alƙahira wajen 'yar ƙanwata a unguwar Madinatu Nasr, inda ɗalibanmu suke da yawa, kuma abin da na gani shi ne rabin cimarsu tamu ce, hannu ne ya bambanta. Miyar da suke tinƙaho da ita, mulukiyya, lalo ce. Sukan yanka ganyen ƙanana ƙwarai, su dafa cikin romon kaza ko zomo, sannan su soya tafarnuwa da man shanu su juye a kai tana ƙara. Babu daddawa, babu kanwa, kuma da shinkafa ko gurasa ake ci. Yauƙin nan dai da kika sani shi ne. Suna miyar kuɓewa da nama da tumatir. Zoɓo suna shansa da zafi da sanyi, suna jiƙa tsamiya, har goruba suna yin abin sha da ita. Ruwan rake kuwa a gabanki za a matse, ki shanye nan take, don in ya jima yana yin baƙi.

Ki fara da koshari, shi ne mai sauƙin shiga. Kusan garau-garau ɗinsu ne: abincin mai kuɗi da talaka, mai arha, mai riƙe ciki. Shinkafa ce da taliya da adas, wato ƙananan ƙwayoyin nan dangin wake da aka ambata a Suratul Baƙara aya ta 61, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa mai ƙaras-ƙaras a sama. Babu nama a ciki, saboda haka mai tsantsani ba ta da abin tuhuma. Za a kawo ruwan tafarnuwa mai tsami da ruwan barkono a gefe, ki zuba daidai bakinki. Misirawa ba su cika yaji a girki ba, nan ne ɗan ƙullin yajinki zai yi amfani, amma a gidan aminiyarki. Kada ki fito da shi a gidan maƙwabciya.

Da safe za ki haɗu da ful, wake ne manya da ake barinsu kan wuta mai sanyi dare guda, a dama da mai da lemun tsami, a ci da gurasarsu ta gargajiya. Da waken nan suke yin ɗa'amiyya, wato irin ƙosansu, ana soya ta, cikinta kore saboda ganye. A nan ina da jan kunne guda. Akwai masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini, abu ne na gado kuma ana samunsa sosai a ƙasarmu, musamman ga maza. Irin wannan wake yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini. In an taɓa gaya miki kina da shi, ko yaron da za ki tafi da shi, ki tambayi likita kafin tafiya.

Abu ɗaya da zan ce ki ƙi kai tsaye shi ne fasik, kifin da ake bari ya ruɓa a cikin gishiri, wanda suke ci lokacin bikin bazara na Shammun Nasim. In ba gwani ya haɗa shi ba yana iya ƙunsar guba mai shanye jijiyoyi. A 1991 mutum 18 suka rasu a Alƙahira sanadiyyarsa, kuma hukumomin lafiyarsu kan yi gargaɗi a kansa in bikin ya ƙarato. Ƙinsa ba zai ɓata wa kowa rai ba, cikinsu ma da yawa ba sa ci. Ban da wannan, kwanakin farko ki tsaya kan ruwan gora, ki ci abin da aka sauke da zafi, ki ɗan dakata da ɗanyen ganye na bakin titi har cikinki ya saba. Shagon da kika ga layi, mata da yara suna saye, shi za ki shiga.

Sai liyafar maƙwabciya, wadda ita ce na fi so ki ba muhimmanci. Ki je da yunwarki. Babban abincinsu na rana yakan kai wajen la'asar, kada ki cika ciki da azahar. Kada ki je hannu rabbana, ku biya shagon kayan zaƙi ku sayi basbusa ko kunafa, haka suke yi. Za ta yi ta tura miki abinci tana rantsuwa sai kin ƙara, kamar dai yadda iyayenmu ke yi wa baƙo, don haka ki ɗibi kaɗan da farko domin ki samu wurin ƙari. In ta kawo tantabara da aka cusa wa shinkafa ko alkama, ki san ta girmama ki, abincin manyan baƙi ne, kuma da hannu ake cinsa. In mahshi ne, wato kabeji ko ganyen inabi da aka naɗe shinkafa a ciki ɗaya bayan ɗaya, ki tuna ta wuni a kansa. Abin da bai yi miki ba ki ɗanɗana ki wuce, kada ki yatsine fuska, kada ki shinshina. Wanda ya yi miki daɗi ki yaba, ki tambaye ta yadda ake yi. Ban ga abin da ke faranta ran mai girki kamar wannan tambaya ba.

Kafin ki taho, ku rama mata. Ki tuƙa tuwon shinkafa mai laushi, ki yi miyar taushe ko ta kuɓewa tunda bakinta ya san kuɓewa, ki rage yaji, ku kira ta. Wannan zumuncin aminiyarki zai yi wa rana bayan kin tafi, domin ita ce za ta ci gaba da zama da su da ɗanyen goyo.

Game da kaya, ki ƙulle kuka da daddawa da kyau a leda biyu cikin roba mai murfi, ki sa a babbar jaka. Kilishi da man shanu kuwa ki tambayi kamfanin jirgin tukuna, domin ƙasashe da dama suna da doka kan shigo da nama da kayan kiwo.