Yadda za a leƙa takarda a Zotero kafin a buɗe ta

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Takardun bincike sun yi mini yawa a cikin Zotero, manhajar adana takardun bincike a kwamfuta, kuma buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana cin lokacina. Ko akwai hanya mafi sauƙi?

Amsa: Malama, akwai. Fara da duba wane Zotero ne a kwamfutarki, domin tun daga Zotero 6 na 2022 ake karanta PDF a cikin manhajar kanta, sai Zotero 7 na 2024 ya ƙara nuna hoton shafin takarda a ɓangaren dama da zarar an taɓa sunanta. A wannan ɓangaren ne kuma taƙaitaccen bayanin takardar yake fitowa, wanda a ganina ya fi hoton amfani, tunda shi ne zai gaya miki ko takardar ta shafi aikinki.

Abin da ɗalibai suka fi mantawa da shi shi ne akwatin nema. Idan kika zaɓi neman komai, manhajar za ta binciki rubutun da ke cikin takardun, amma ba za ta iya karanta littafin da aka ɗauki hotonsa kawai ba, sai an fara mayar da hoton zuwa rubutu. Duk wannan yana aiki ko babu intanet, muddin takardun suna kan kwamfutar. Sannan ki sa wa waɗanda ba ki karanta ba alama mai launi, Zotero yana karɓar har launi 9.