Tiya biyu a rumfa ɗaya

TAMBAYA: Baba, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni mai sayar da hatsi ne a kasuwar Tawa. Shekara 9 ke nan da aka yi mini baftisma. Ba na fashin sujada, ina karanta Littafi Mai Tsarki kowace asuba, har azumi nake yi, amma ruhuna kamar rijiya a watan Afrilu. Wani abu kuma yana ɗan damuna: ina da tiya biyu, babba ta saye daga mutanen ƙauye, ƙarama ta sayarwa, kamar yadda da yawa ke yi. Wace addu'a zan ƙara don in girma cikin bangaskiya?

AMSA: Ɗana, na gode da ba ka ɓoye maganar tiya ba. Ka sa ta a ƙarshe kamar ƙaramar magana, amma ni a nan idona ya tsaya, kuma ina ganin a nan Ubangiji yake jiranka.

Buɗe Maimaitawar Shari'a 25:13-15. Allah ya hana mutanensa ajiye mudu iri biyu a gida, babba da ƙarami. Kamar rumfarka aka leƙa aka rubuta. Annabi Amos ma, a sura 8, ya yi kuka da ƴan kasuwar da ke ƙosawa Asabar ta wuce don su koma su rage mudu. Masu ibada ne fa, ba sa fashin ranar hutu. Shi ya sa ba zan ba ka sabuwar addu'a ba. Annabi Sama'ila ya gaya wa sarki Shawulu cewa biyayya ta fi hadaya, azuminka kuwa hadaya ce.

Ba daga kan tudu nake yi maka magana ba. Ina saurayi na yi sana'ar albasa a Galmi. Manya masu kyau nakan jera a bakin buhu, waɗanda suka fara ruɓa in tura su tsakiya. Ran Lahadi kuma muryata ta fi ta kowa a waƙa. Wata rana wata tsohuwa da ta sayi buhu ta dawo, ta zazzage shi a gabana, ba ta zage ni ba. Ta ce kawai, "Ashe kai ma, ɗan majami'a?" Har yau ina jin warin albasar nan. Na daina, kuma gaskiya ribata ta ragu a shekarar. Amma a shekarar ce na fara buɗe Littafi ina ji da ni ake magana.

Ka kula, gyara tiya ba ya sayen ceto. Almasihu ya riga ya biya wannan. Zakka mai karɓar haraji sai da Yesu ya shiga gidansa tukuna ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta (Luka 19). Ƙauna ce ta fara, biyayya ta biyo. Haka Yohanna 14:15 ta jera su, inda Yesu ya ce in muna ƙaunarsa za mu kiyaye umarninsa.

Girma kuma ba a auna shi da daɗin da ake ji a addu'a. Manomin albasa ba ya tone ta kullum don ya ga ko ta yi kai. Ban ruwa yake yi, yana cire ciyawa, wata uku zuwa huɗu bayan dashe.

Gobe ka ɗauki tiya ɗaya, ta gaskiya, ka saya da ita ka sayar da ita. Ɗayar kada ka bar ta a rumfa, don ranar da ciniki ya yi sanyi hannu zai neme ta. Matan ƙauyen da ka saba saye a wurinsu, waɗanda ka sani, ka ƙara musu abin da ya sauƙaƙa, ka faɗa musu dalili. Ka gaya wa fastonka ko wani dattijon ikilisiya don ya riƙa tambayarka. Maƙwabtan rumfa za su yi magana, wataƙila su yi dariya. Ni kuwa zan sa sunan kasuwarka cikin addu'ata. Bayan kaka ka sake rubuto mini, ina so in ji yadda ta kasance.