Shakuntala: daga ina zoben ya shigo labarin?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga wani zanen Indiya na wata budurwa a daji, ta ɗaga ƙafa kamar tana cire ƙaya, amma tana waige baya. An ce sunanta Shakuntala, kuma wai mijinta sarki ya manta da ita don zobe ya ɓace. Haka labarin yake tun asali? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, zoben daga baya ya shigo.

Tsohon labarin yana cikin Mahabharata, babban kundin waƙen Hindu na harshen Sanskirit. Uwarta Menaka ta yar da ita a daji tana jaririya, tsuntsaye suka kewaye ta, har wani mai ibada, Kanva, ya tsince ta ya raine ta. Sarki Dushyanta ya fito farauta ya gan ta, suka yi aure na yardar juna, Kanva ba ya gida. Amma sai da ta kafa masa sharaɗi: ɗan da za ta haifa shi zai gaji sarauta. Da ta kai masa yaron fada, sai ya ce bai san ta ba, alhali yana tune sarai. Ta tsaya gaban fadawa ta caccake shi tas, har wata murya daga sama ta gaskata ta. Yaron shi ne Bharata, wanda al'adar Hindu ke danganta sunan ƙasar Indiya, Bharat, da shi.

Zoben aikin mawaƙi Kalidasa ne, wajen ƙarni na 4 ko na 5 na Miladiyya, a wasan kwaikwayonsa mai kashi 7. Shi ya shigo da Durvasa, baƙo mai saurin fushi, wanda ya zo ya tarar hankalinta ya tafi tunanin miji, ba ta tarbe shi ba. Sai ya tsine mata: wanda take tunani zai manta da ita, sai in ya ga zoben da ya ba ta. Zoben ya suɓuce a ruwa, kifi ya haɗiye, masunci ya farke cikin kifin ya same shi.

Wasan ya tsaru, babu musu. Amma ki lura, da wannan tsinuwa aka sauke wa sarki laifi, aka mai da mace mai baki ta zama abar tausayi. Ni kam ta Mahabharata ta fi kwanta mini a rai.

Masu zane kuwa ta Kalidasa suka bi. Wanda kika gani na Raja Ravi Varma ne, mutumin Kerala ta Indiya, wanda ya rasu a 1906. Babu wata ƙaya a ƙafarta. Dabara ce ta ƙara satar kallon sarki, ƙawayenta kuma sun gano ta. Turai ma ta wannan hanyar labarin ya isa: William Jones ya fassara wasan zuwa Ingilishi a 1789, marubuci Goethe na Jamus ya yaba shi matuƙa. A Faransa, Camille Claudel ta nuna mutum-mutuminsu da ta sassaƙa a 1888, sarki durƙushe yana rungume da Shakuntala, ita kuma ta sunkuyo kansa. A Indiya kuma, V. Shantaram ya mai da labarin fim a 1943.

In kin sake duba zanen, ki fara da fuskokin ƙawayen, sannan ki bi inda idonta ya nufa. Sarkin ba ya cikin hoton.