Ƴar Tsana a Ɗakin Gaggawa: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan abu guda: kyautar ƴar tsana ta ƙyalle ga yaran da aka garzaya da su asibiti. Ma'aikatan jinyar yara da masu sana'ar ɗinki da ke taimaka wa wannan shafi ne suka haɗu suka ba da amsa.

Tambaya: Muna da ƙungiyar adashi ta mata. Mun ji cewa a ƙasashen Turawa ana raba wa yara ƴan tsana a asibiti, muna son mu yi irinsa a nan Damagaram. Yana da amfani kuwa, ko ɓarnar kuɗi ce? (Wata uwa, unguwar Birni)

Amsa: Hajiya, abin da kuka ji gaskiya ne. A Ostareliya, ƙungiyar agaji ta Red Cross tana raba ƴan tsanar da masu sa kai ke saƙawa da hannu tun 1990. A Ingila kuma wani shiri mai suna TLC ya soma a yankin Essex a 2001, kuma ƴan tsanar da ya ba ɗakunan gaggawa sun kai miliyoyi. Tasu siffar dabbar beyar gare ta, wadda yaronmu bai taɓa gani ba ko a mafarki. Raƙumi, tunkiya ko ƴar yarinya mai ɗankwali sun fi kusa da zuciyarsa.

Amfanin yana fitowa ne a lokacin neman jijiya. Ga ɗan shekara huɗu, jiki zafi rau, an shigo da shi ɗaki mai warin magani, baƙi sun yi masa ca. Da zarar ya hango allura sai ya sanƙare, ya fisge hannu, a soka a kuskure, a sake sokawa. Ma'aikaciyar da ta san aikinta sai ta miƙa masa ƴar tsana tukuna, ta tambaye shi sunan da zai sa mata. Ta ɗora wa ƴar tsanar abin sauraren ƙirji, ta manna mata filasta a hannu, sannan ta ce, "To, yanzu saura kai." Uwa ta zaunar da shi a cinyarta, ƙirjinsa a jikinta, hannu ɗaya rungume da ƴar tsana, ɗayan a miƙe. Yaron da aka zaunar haka ya fi wanda ƙarti uku suka danne a gado saurin natsuwa. Wani yaron ma da ya ƙi buɗe baki ya faɗi inda ke masa ciwo, idan aka ce ya nuna a jikin ƴar tsana sai ya sa yatsa a ciki ko a kunne.

Sai dai fa ƴar tsana ba ta rage zafin allura yadda magani ke ragewa, tsoro take ragewa. Kuma yaron da ke jijjiga, ko ya suma, ko numfashinsa ke sarƙewa, ko gudawa ta tsotse masa ruwan jiki, babu mai tsayawa yi masa wasa. Nasa lokacin yana zuwa bayan ya farfaɗo. Kada kuma a ce wa yaro "babu zafi" alhali akwai. Daga ranar ba zai ƙara yarda da mai farar riga ba. A ce masa zai ji kamar cizon tururuwa, ya matse ƴar tsanarsa har a ƙirga goma.

Tambaya: Ana samun ƴan tsana masu laushi da araha a kayan gwanjo. In muka sayo muka wanke, ba shi ke nan ba? (Wani matashi a madadin fadarsu, Zango)

Amsa: Ɗan'uwa, a nan ne mutane da yawa ke zuwa neman gira su rasa ido. Kada ku kai na gwanjo asibiti. Gashin jikinsu da cikon da ke ciki suna riƙe yawu, majina, ƙura da ƙwayoyin cuta, ba ku kuma san hannun da suka bi ba. Ƙazwa da makero suna iya bin ƙyalle daga wannan yaro zuwa wancan. Wanda zai karɓi kyautar kuwa shi ne yaron da garkuwar jikinsa ta riga ta yi ƙasa: mai tamowa, mai ƙyanda, mai sikila, mai ƙuna. Wankin da ake dogara da shi yana buƙatar ruwa mai zafin digiri 60 da busarwa har can cikin ciko, abin da wankin hannu a roba ba ya bayarwa. Ruwan jabel kuma yana cin ƙyalle, ya bar wari a abin da yaro zai tsotsa.

Ga wata matsalar ta daban. Yawancinsu idanun roba ne da su waɗanda suka riga suka saki, wasu kuma suna waƙa ko walƙiya, ma'ana akwai ƙaramin batir mai kama da maɓalli a ciki. In yaro ya haɗiye irin wannan batir ya maƙale a maƙoshinsa, yana iya ƙone hanyar abinci cikin awa 2.

Ƙa'idar ita ce: sabuwa, yaro ɗaya ƴar tsana ɗaya, ya tafi da abarsa gida. Ba a karɓe ta a ba na gadon gaba, ba a kuma tara su a kwando a ɗakin jira kowa ya taɓa.

Tambaya: Ni tela ne, ina son in ɗinka su sadaka. Yaya ake yin wadda asibiti zai karɓa? (Wani tela, kusa da Kasuwar Dole)

Amsa: Malam, hannunka ne ya fi dacewa da wannan aiki. Ka nemi yadin auduga mai ƙarfi, atamfa ma ta yi, amma sabuwa, ba ragowar da aka share daga ƙasan keke ba. Ka wanke ta da sabulu kafin ka yanka domin sitaci da rarar rini su fita. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a kanta. In ya ɗauki launi, ajiye ta, don bakin yaro zai ɗauka fiye da haka. Leshi da duk yadi mai duwatsu ko ƙyalƙyali ba su shiga wannan aiki.

Tsawon santimita 25 da faɗin 15 ya isa. Wadda ta fi haka tana tare wa ma'aikata wuri a gado, wadda ta yi ƙanƙanta kuma ba ta runguma. Ka yanka gaba da baya iri ɗaya, kai da hannuwa da ƙafafu duk a jiki guda, kada ka ɗinka hannu daban ka liƙa, domin mahaɗar nan ce ke fara ɓallewa. In ka bar santimita ɗaya da rabi na bakin ɗinki, yadi ɗaya zai ba ka kamar guda 8.

Fuska ake fara yi kafin a haɗa. Ido, hanci da baki duk da zare za ka yi su, irin aikin surfani, ƙullin ya koma ta ciki. Babu maɓalli, babu tsakiya, babu ƴan kunne, babu zif. Ma'aunin da ƙasashen Turai ke bi a kayan wasan yara ƴan ƙasa da shekara 3 shi ne wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7: duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya yana iya shaƙe yaro. Don ka gane girman, ƙwandalar dala ɗari ma tana shigewa. Igiya ko ribon kada ya wuce santimita 22, mu dai shawararmu a bar shi kwata-kwata. In za a yi ɗankwali, a ɗinke shi a jikin kan ta kowane gefe.

Ka haɗa gaba da baya a juye, ka bi da ɗinki ƙanana, kamar milimita 2, layi biyu. Ka ɗan tsattsaga bakin ƙyallen a hammata da tsakanin ƙafafu ba tare da ka taɓa zaren ba, in ba haka ba wurin zai tattare idan ka juya. Ka bar ƙofa ta santimita 6 a gefe, ka juya, ka cusa ciko, ka rufe ƙofar da keke sau biyu.

Cikon shi ne inda ake yawan kuskure. Wanda ya dace shi ne farar audugar roba da ake cika matashin kai na zamani da ita, sabuwa, giram 60 zuwa 80 ga kowace. Kilo ɗaya zai yi guda 12 zuwa 16. Tana wankuwa, tana bushewa da wuri. Audugar gona tana dunƙulewa in ta jiƙe, ta daɗe da danshi har ta yi fumfuna. Audugar rimi ga laushi, amma tana kama wuta nan take. Gero, wake, yashi da ɓarɓashin soso kuwa, ranar da ɗinki ya ɓalle sai su ƙare a hanci ko a maƙoshi.

Kafin ka ce ka gama, ka kama hannu da ƙafa ka ja da ƙarfin babban mutum. A gwajin Turai ana jan abin da aka liƙa wa kayan wasa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 9, kusan jarkar ruwa mai lita 10. In zare ya yi ƙara ko ciko ya leƙo, warware ka sake. Sannan ka murza ta ko'ina da tafin hannu. Ka ƙirga allurai da fil ɗinka kafin aiki da bayan aiki. Fil ɗaya da aka manta a ciki ya isa ya sa a daina karɓar kayanka gaba ɗaya, kuma da gaskiyarsu.

Tambaya: Maigidana ya ce ƴar tsana gunki ce, kada in sa kuɗina. Mene ne gaskiya? (Wata mai karatu, Sabon Gari)

Amsa: Malama, mu ba masu fatawa ba ne, amma ga abin da ya shahara. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da ƴan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi (SAW). Sun kuma ruwaito daga Rubayyi'u bint Mu'awwiz cewa sahabbai mata kan yi wa yaransu abin wasa na ulu ranar Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa a ba shi har lokacin buɗa baki. Da waɗannan ne malamai da yawa suka keɓe kayan wasan yara daga hanin siffantawa. In har zuciyar maigida ba ta kwanta ba, kada abin ya zama rigima a gida: a ɗinka marar fuska, ko ɗan matashi mai siffar tauraro ko mota. Yaro laushin yake nema.

Tambaya: In mun haɗa su, mu shiga ɗakin mu raba da kanmu? Kuma ba gara kuɗin ya tafi a magani ba? (Wani malamin makaranta, Garin Malam)

Amsa: Malam, kada ku shiga da kanku. Ku rubuta wa shugabannin asibitin, ko Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram ne ko cibiyar kula da uwa da yaro, ku kai samfuri guda biyu majo na ɗakin yara, wato shugaban ma'aikatan jinyar ɗakin, ya duba. In an amince, kowace ƴar tsana ta shiga ledarta a ɗaure saboda ƙurar hunturu, a jera a akwatin ƙarfe ko bokiti mai murfi, sama da ƙasa, saboda gara da ɓera. Ma'aikaci ne zai zaɓi yaron da za a ba, shi zai cire ledar ya jefar, don leda kanta tana toshe numfashi. Jariri ɗan ƙasa da wata 12 ba a barin ta kusa da fuskarsa yana barci. Shi nonon uwa ne ke lallashinsa lokacin allura. Kada ku haɗa da alawa ko biskit, wataƙila yaron yana jiran tiyata an hana shi ci, kada kuma ku sa balan-balan. Hoton yaro marar lafiya don a ɗora a Facebook shi ma a bar shi.

Batun magani kuwa, in zaɓi ne tsakanin biyun, magani ne gaba, babu musu. Tun 2006 Nijar ke da tsarin jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma duk wanda ya yi zaman jinya ya san akwai kuɗin mota da na abinci da sauran ƙananan buƙatu. A watannin Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje, leda ɗaya ta jini daga ƴan ƙungiyarku ta fi ƴan tsana ɗari. Sai dai wasa ma yana cikin jinya: a matakai 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara na kula da yaro mai tsananin tamowa akwai wasa da nuna kulawa, minti 15 zuwa 30 kowace rana. Saboda haka ku tambayi majo ko sashen masu tamowa ya fi ɗakin gaggawa buƙata. Ku soma da guda 30 a wata, ku nemi a riƙa rubuta adadin da ya fita a littafi, ku kuma fara ɗinkin damina tun watan Mayu.