Dakta, mayukan nan masu tsada na 'yan netwok sun kai kuɗinsu kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta, dan Allah shawara nake nema. Shekarata 29, ina fama da ƙurajen fuska tun ina budurwa kuma duk wanda ya mutu sai ya bar min baƙin tabo, na taɓa amfani da wani haɗi da aka min a kasuwa ya min kyau sati uku daga baya abin ya dawo ya fi da. Yanzu matar yayana ta shiga wani kamfanin netwok na kayan gyaran fata, ta kawo min seti guda, sabulun fuska da tona da siram da man dare, wai naira dubu 180, tace in nayi rajista a ƙarƙashinta zan samu ragi kuma nima na fara samun kuɗi. Hotunan da take sawa a sitatus kam masha Allah. Shin kayan sun kai wannan kuɗin ko na haƙura? Kunyarta nake ji wallahi. Daga wata 'yar uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Amsata a taƙaice ita ce a'a, ga matsalar da kika faɗa ban ga dalilin da zai sa ki fitar da dubu 180 ba. Amma ki fahimce ni da kyau, ban ce kayan jabu bane ko zasu ɓata miki fuska, yawancin manyan kamfanonin nan irinsu Oriflame na Suwidin ko Forever Living da Mary Kay da Nu Skin na Amurka kayansu masu tsafta ne, an yi su a masana'anta ta gaske, sun fi haɗin kasuwa da kika shafa nesa ba kusa ba. Matsalar tana wajen farashin, da kuma abin da ake cewa kayan zasu yi.

Bari mu bi kuɗin naki mu ga inda yake tafiya. A tsarin netwok duk robar da aka sayar, wadda ta sayar miki tana da kasonta, wadda ta shigo da ita tana da nata, wadda ke saman waccan ma haka har a kai can ƙololuwa wajen masu hawa jirgi zuwa Dubai ana musu hoto da kambun girmamawa, kuma duk wannan kason daga cikin farashin robar yake fita, babu wata rijiyar kuɗi a gefe. Nu Skin kamfani ne da hannun jarinsa ke kasuwar New York, dole ya riƙa buga lissafinsa kowa ya gani, kuma shekara da shekaru abin da yake kashewa wajen biyan masu tallata kayansa yana kai wa wajen kashi 40 cikin 100 na cinikinsa, ya fi abin da yake kashewa wajen yin kayan su kansu. Kamar buhun shinkafa ne da ya bi hannun dillalai bakwai kafin ya iso kicin ɗinki, shinkafar dai ita ce, la'ada ce ta taru.

Zasu ce miki ai su basa biyan talla a talabijin basa biyan hayar shago shi yasa suke raba wa mutane kuɗin. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kamfanonin da ke sayarwa a kanti su ma suna zuba kuɗi a talla da kwalba mai ƙyalli, ba wai su waliyai bane. Bambancin shi ne a kanti ko a famasi robar tana zaune kusa da wasu goma masu aiki iri ɗaya, ki ɗaga wannan ki ajiye ki ɗaga waccan, dole farashi ya yi hankali. A falon matar yaya kuwa babu roba ta biyu da zaki gwada, ga shayi an kawo miki ga zumunci.

Na san zaki ji ana cewa araha bata ado. A atamfa da leshi na yarda, a man shafawa kam ban yarda ba, domin ita fata bata san nawa kika biya ba, sinadarin da ke ciki da yawansa kawai take amsawa. Ki duba L'Oréal, su ne masu Lancôme mai tsadar gaske kuma su ne dai masu Garnier da CeraVe, haka Beiersdorf na Jamus masu Nivea su ne masu Eucerin da La Prairie da ake sayar da ƙaramar kwalbarsa ɗaruruwan daloli. Kamfani ɗaya yana yi wa mai kuɗi yana yi wa talaka, kuma sinadaran da aka tabbatar suna aiki a fata ba su da yawa, sanannu ne, wasu sun haura shekara 40 a hannun likitoci, babu kamfanin da ya mallake su shi kaɗai. In mai sayarwa tace miki nasu wani sirri ne da babu shi a ko'ina, ki ce ta miƙo robar ki juya bayanta.

Wannan juya robar shi ne abin da nafi so ki koya a duk amsar nan. Jerin sinadaran da ke baya ana rubuta shi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, sai waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba su ake jerawa yadda aka ga dama a ƙarshe. Sau da yawa zaki ga ruwa ne na farko, sai gilisarin, sai su silikon masu sa fata santsi, shi kuma ganyen nan ko furen nan na wani tsibiri da aka cika gaban kwalin da hotonsa yana can ƙasa kusa da turare da sinadarin hana lalacewa, wato ɗan mitsitsi ne aka ɗiga don a samu na talla. Ki ɗauki hoton jerin, ki shiga famasi mai kyau ki nemi mai irin waɗannan sinadaran na sama sama, zaki sha mamakin farashin. Sannan kalmomin da suke bugawa na wai likitoci sun gwada, ko matakin asibiti ne, ko na asali ne daga tsirrai, yawancinsu kalmomin talla ne kawai. A Amurkan ma hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna bata gwada kayan kwalliya ta amince da su kafin su shiga kasuwa kamar yadda take yi wa magani, lambar NAFDAC kuma ki tabbata akwai ta, amma abin da take nufi shi ne an yi rajistar kayan an yarda a sayar, ba shaida bace cewa zai goge miki tabo.

To hotunan sitatus fa? Wasu haske ne da filta, na farko a ɗaki mai duhu fuska a murtuke na biyu a bakin taga da murmushi. Amma wasu gaskiya ne fuskar ta gyaru, kuma dalilin ba ɓoyayye bane, macen da ta kashe dubu 180 bazata taɓa kwana bata wanke fuska ba, safe da dare tana kan tsari, ta daina gurza fuska da soso, ta ajiye man bilicin. Wannan naci shi ke aiki, da ta yi wa kayan dubu 25 irin wannan biyayyar da ta ga kusan abu ɗaya.

Mu dawo kan fuskarki. Abu biyu kike da su, ƙuraje da kuma baƙin tabon da ke biyo bayansu, wanda mu masu baƙar fata ya fi damunmu saboda fatarmu da ta ɗan ji ciwo sai ta zubo launi a wajen. Muddin sabbin ƙuraje na fitowa tabo bazai ƙare ba, don haka ƙurajen ake fara kashewa. Abin da aka saba farawa da shi sabulun fuska ne mai laushi marar ƙamshi sau biyu a rana, sai maganin ƙuraje na shafawa mai suna adapalin na kashi 0.1 da dare, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ga duk fuskar, a fara da dare biyu ko uku a sati saboda yana sa bushewa da saɓa a farko, in akwai ƙuraje masu ruwa da ja a haɗa da benzoil feroksaid mai sauƙi na 2.5 ko 5 da safe, shi dai ki kiyaye yana cin launin mayafi da rigar filo. Ga tabon kuma azelaik asid ko niyasinamaid suna taimakawa. Sai man kariya daga rana mai SPF (ma'aunin ƙarfin kariyar) 30 ko sama kullum da safe, wannan shi ne wanda matanmu suka fi rainawa suna cewa ai mu baƙaƙe ne rana bata ƙona mu, alhali ranar Kaduna ita ke ƙara dafa tabon, duk abin da kika shafa da dare tana warware shi da rana. Lokacin hunturu ki ƙara mai mai ɗan nauyi, basilin da man kaɗanya suna da kyau ga jiki da leɓe da faso, a fuska mai ƙuraje dai ki yi hankali da man kaɗanya, wasu yana ƙara musu.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci, in kina da ciki ko kina neman samu kar ki taɓa adapalin ko tretinoyin ko retinol, har wanda ke cikin man daren setin matar yayanki in akwai, azelaik asid shi ake ba masu ciki. Kuma ki ba abin sati 8 zuwa 12 kafin ki yanke hukunci, tabo mai zurfi yakan ɗauki wata shida ko fiye. Duk wanda yace miki kwana bakwai, ko dai ƙarya yake ko akwai abin da ya zuba a ciki.

Wanda ya kawo ni kan haɗin da aka miki. Yadda kika ce ya yi kyau sati uku sannan abin ya dawo ya fi da, wannan halin sitiroyid ne, wato maganin kwantar da kumburi, irin kulobetasol da ake matsewa cikin mayukan haɗi, wani lokacin da haidrokwinon mai ƙarfi ko ma makuri wato zaiba, yana kwantar da komai da sauri sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, ƙuraje su ɓarke, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi. Abin ya yi yawa a ƙasar nan har NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. A nan zan yaba wa 'yan netwok da abu guda, in ta hannun kamfanin kayan ya fito kai tsaye to da wuya ya zama jabu, a kasuwarmu kuwa wannan ba ƙaramin abu bane, amma famasi mai rajista ma tana ba ki wannan kwanciyar hankalin ba tare da kin biya la'adar mutum bakwai ba.

Maganar rajista kuma ki raba ta da maganar fuska gaba ɗaya, don wannan kasuwanci ne ake tallata miki. Ragin da za a ba ki yakan zo da sharaɗi, a kamfanoni da yawa sai kin sayi kaya na wani adadi duk wata kafin ki ci gaba da cin kaso, wata ya ƙare baki sayar ba ki sa kuɗinki ki cike, kaya su taru a durowa kwanan watansu na ƙarewa. A wani bincike da gidauniyar AARP ta Amurka ta fitar a 2018, kusan rabin waɗanda suka shiga irin wannan harka asara suka yi, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka ce sun ga riba. Ita kanta matar yayan naki wataƙila bata zauna ta cire kuɗin kayan da ta saya da na data da na mota zuwa taro daga abin da aka turo mata ba, kuma ban zarge ta ba, ta yarda da kayan ne da zuciya ɗaya, amma horon da aka bata na sayarwa ne, bata san irin fatarki ko maganin da kike sha ba.

Kunya kuma tana da magani. Ki ce mata Anti likita ta ɗora ni a kan wani tsari tace kar na haɗa da komai sai bayan wata uku, kin ga baki yi ƙarya ba kuma baki kushe sana'arta ba. In kina so ki faranta mata ki sayi abu ɗaya da kike so don jin daɗi, janbaki ko turare ko man hannu, da sanin cewa alheri kika yi. Dubu 180 ɗin nan kuwa ki cire kaɗan ki yanki kati ki ga likitan fata ido da ido, a asibitin Barau Dikko nan cikin Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, musamman tunda da alama kin shafa sitiroyid a fuska kuma in ƙurajen manya ne masu zafi da ke barin rami to sai an haɗa da maganin sha. Ranar da zaki je ki zuba duk abin da kike shafawa a leda ki tafi da shi, har da ragowar haɗin nan marar suna in yana nan.