Hukuncin Saurare da Aika Saƙon Ƙarya a Fagen Yaƙi

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni soja ne a sashen sadarwa. A darasi an ba mu labarin yaƙin Tannenberg na 1914, inda Jamusawa suka saurari saƙonnin Rashawa. Shin wannan ba tajassusi ba ne? Wani abokina kuma ya ce tunda "yaƙi ɗan zamba ne", ko saƙon miƙa wuya na ƙarya ya halatta. Nakan kuma gwada na'urata a kan layukan mutanen gari don hannuna ya faɗa.

Amsa: Bismillah. Ɗana, jimlarka ta ƙarshe ta fi damuna, amma bari mu bi a hankali.

Sauraren abokin gaba a halin yaƙi halal ne, babu saɓani. Abin da ya faru a watan Agusta 1914 sakaci ne: rundunar Samsonov, kwamandan Rashawa, tana da ƙarancin waya, mabuɗin rubutun sirri bai isa hannun kowane sashe ba, sai suka riƙa watsa umarni ta rediyo a fili. Safiyar 25 ga wata kwamandojin Jamus, Hindenburg da Ludendorff, suka san inda kowa zai nufa, a ƙarshe aka kama Rashawa kusan mutum 92,000. Haka wayar tarho ta ramukan da sojoji ke fakewa a wancan yaƙi: ana jan waya guda ɗaya, ƙasa ce ke mayar da wutar, don haka magana tana malala cikin ƙasa. Jamusawa sukan binne ƙarfe kusa da ramukan abokan gaba, su haɗa da na'urar ƙara sauti, su ji komai. Maganinsa shi ne waya biyu a murɗe da hana faɗin sirri a bakin daga. Wanda aka ba amanar saƙo ya yi irin wannan sakaci, zunubin jinin da ya zuba bai bar wuyansa ba. Saƙon ƙarya a kan yawan dakaru ko inda za a kai hari, shi ma ya halatta. Malamai sun fi son a yi tauriya, wato magana mai harshen damo wadda ba ƙarya ba ce, in za ta wadatar.

Maganar abokinka kuwa kuskure ce babba. Abin da ke canza hukunci shi ne ko saƙon yana ɗauke da aminci. Idan ka ce wa mutum "mun miƙa wuya", ko "a tsagaita mu kwashe masu rauni", ko ka ɗaga farar tuta, ka ba shi aminci ne, ya sauke makami saboda maganarka. Harbinsa bayan haka yaudarar alkawari ce, wadda aka ce za a kafa wa mai ita tuta ranar Kiyama. Hadisin da ya kafa hujja da shi malamai sun yi masa ƙaidi: dabara ta halatta matuƙar babu warware alkawari ko aminci a cikinta. Idan ya kawo ƙissar Nu'aimu ɗan Mas'udu a yaƙin Khandak, ka tambaye shi wa Nu'aimu ya ba aminci sannan ya kashe? Ya raba kan abokan gaba ne kawai. A Muwaɗɗa, Umar ya yi kakkausan gargaɗi ga mai ce wa abokin gaba "maɗras", wato kada ka ji tsoro, sannan ya kashe shi. An kuma tambayi Imamu Malik ko nuni da aminci daidai yake da furuci, ya ce eh. Idan nunin hannu ya ɗaure ka, ƙyaftawar fitila, tuta da saƙon rediyo ma sun ɗaure ka, domin abin lura shi ne me ɗaya ɓangaren ya fahimta. Kada ya ce ai su ma suna yi. Ayar Anfali ta ce in ka ji tsoron ha'inci ka jefa musu alkawarinsu a fili, ba ka riga su ha'inci ba. Yarjejeniyar Hague ta 1907 kan dokokin yaƙi tsakanin ƙasashe ma a nan ta raba: ta yarda da dabarun yaƙi, ta hana wasa da tutar sulhu. Ka duba ɓarnar kuma: ranar da ɗan'uwanka ya ɗaga farar tuta da gaske, wa zai yarda da shi?

Yanzu ga taka. Mutanen gari ba abokan gaba ba ne, sauraren wayarsu shi ne ainihin tajassusin da aka hana, kuma neman ƙwarewa ba uzuri ba ne. Ka daina yau, ka goge abin da ka naɗa, ka tuba, kada ka faɗa wa kowa abin da ka ji, ko da matarka ce. Ka nemi a ba ka layin horo na aikinku. In an umarce ka da sauraren wani da ake zargi, ka tabbata umarnin ya fito daga mai hurumi bisa doka, ka tsaya iya abin da aka nema. Saƙon da aka ba ka kuma ka isar da shi yadda yake, lokacinsa da lambobinsa, ka maimaita wa mai karɓa, ko da labarin zai ɓata wa na gaba da kai rai. Wallahu a'alam.