Tambaya da Amsa: Ya zan zana fostar binciken ciwon sanyi ba tare da na kori mutane ba?

Tambaya: Salam Anti. Ina aikin zane a kwamfuta, wasu likitoci sun ba ni aikin tambari da fosta na binciken da za su yi a nan Kaduna kan ciwon sanyi da HIV, suna son maza da mata su zo gwaji da amsa tambayoyi. Sun ce kar kowa ya ji an ware shi, ni kuma jan zaren nan na alamar ƙanjamau kawai ke zuwa min kai. Dan Allah a ba ni shawara.
Daga wata mai karatu a Kawo

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya sa albarka a sana'a. Jan zaren nan tun 1991 ake amfani da shi kuma ya yi aikinsa, amma ki ajiye shi, ko ki mai da shi ƙarami can ƙasa. Ki tambayi kanki, matar aure daga Rigasa za ta iya riƙe takardar nan a cikin Keke Napep kusa da maƙwabciyarta ba tare da ta cusa ta a hijabi ba? In ba za ta iya ba, ba za ta zo ba, duk kyan zanen. Akwai dokar hana tsangwamar masu HIV tun 2014, amma doka ba ta hana gulmar unguwa.

Kar ki sa hoton mutum na gaske, wallahi ko ya yarda yau gobe sai a dinga nuna shi da baki a kasuwa ana cewa ai shi ne mai cutar. Ki yi zane. Kuma kin san garin namu, wanda ke Tudun Wada da wanda ke Sabon Tasha kowa fuskarsa yake nema a jikin fosta, don haka a ga mai hijabi, a ga mai ɗaurin ɗankwali da atamfa, saurayi da wandon jins, dattijo da hula, mai keken guragu shi ma yana cikin layi kamar kowa ba a gefe ana tausaya masa ba. Maza fa kar ki manta da su, yawancin fostocin asibiti mata da jarirai ne, shi ya sa namiji ke ganin abin bai shafe shi ba. Zanen gado ko rungume-rungume kuwa, malamai da fastoci ba za su bari a manna a kusa da su ba.

Rubutu ya zama manya, kaɗan, da Hausa da Turanci, ki ƙara ajami don akwai dattawanmu da shi suka fi karantawa. In aikin zai kai Kafanchan a nemi masu jin yarukan Jju da Tyap su yi saƙon murya na WhatsApp. Kar ki ɗora jan rubutu kan kore, wasu idonsu ba ya bambanta su. A rubuta ƙarara cewa shiga binciken ganin dama ne kuma sirrin mutum a rufe yake.

Kafin ki kai wa masu bugawa, ki fitar da samfuri biyu ko uku ki nuna wa matan Islamiyya, matasan coci, 'yan acaɓa da kurame, ki yi shiru ki ji me za su ce fostar ke nufi. Sannan likitocin su kai ta gaban kwamitin da ke duba ƙa'idar bincike, don sai ya amince ake fara mannawa.